Gyaran Gidan Kakana na Gwandu

Shekarata uku ina aikin malamin gona a Kalgo sa'ad da Goggo ta aiko a kira ni. Goggo yayar mahaifina ce, tana zaune a Kambaza wurin 'yarta tun da ciwon ƙafa ya kama ta. Na ɗauka jikin ne ya tashi. Ranar Asabar na hau babur na bi ta Birnin Kebbi, sai na iske ta lafiya lau a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa.

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Muna gama gaisawa ta ce, "Mai suna, yaushe rabonka da Gwandu?"

Na ce tun rasuwar mahaifina.

"To, an zo an hwaɗa min awaki na kwana cikin zauren Malam. Har haihuwa suna yi ciki. Ubanka ya tahi, Baffanka kasuwa ta ɗauke mai hankali, ni ga yadda nike. Kai ka ci sunan, kai za ka tada gidan."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na dai ce bari in je in gani. Da la'asar na ƙarasa Gwandu.

Gidan yana cikin tsohuwar unguwa, a wani lungu da jaki mai kaya yake wucewa da ƙyar. Kakana malami ne, yana kuma ɗan taɓa fataucin fatu, shi ma gadon gidan ya yi. Tun da ya rasu 'ya'yansa suka watse, mahaifina Sakkwato wurin aiki, Baffa Jega wurin kasuwa, matan kuma gidajen aurensu. Aka ja ƙofa aka sa kwado, shi ke nan. Abin da nake iya tunawa da gidan na zuwa hutun makaranta ne, ina ɗan shekara bakwai ko takwas: zaure mai sanyi, rijiya, itacen kurna, da wani ɗaki a yamma da nake ganin kakata tana shiga tana fita duk yini.

Kwadon yana nan, ya ci tsatsa. Ban nemi mabuɗi ba, domin katangar arewa ta faɗi gaba ɗaya, har mutane sun fitar da hanya ta tsakar gidan, ta yi fes kamar turbar gona. Tumfafiya ta fi ni tsawo. Ɗakuna biyu sun zama tudu, shigifa, ɗakin da ake ratsawa daga zaure zuwa tsakar gida, ba rufi. Zauren ne kawai ya tsaya. Da na shiga warin kashin jemage da fitsarin awaki ya koro ni, na sha iska na koma. Da idona ya saba da duhun na ɗaga kai na ga ɗaurin guga, bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, ko tsaga babu. A fuskar zauren ta waje kuma akwai zanen da aka yi da ƙasa tun kafin a haifi mahaifina, da'irori da ƙulle-ƙulle sun kewaye ƙofa. Ruwa ya cinye rabi, rabi yana nan. Na tsaya ina kallo har aka kira magariba. A nan na ɗauki aikin, ba wanda ya tilasta mini.

Sai da na fara zuwa Jega, don gidan gado ne, Baffa ya fi ni haƙƙi a ciki. Ya saurare ni a shagonsa yana auna wa mutane yadi. Shi ma ba ya faɗar sunana.

"Malam ƙarami, wa ke gyaran gidan ƙasa yanzu? A rushe shi, a aza bulo, a ruhe da kwano, a huta."

Na ce zauren nake ji, ba a samun irinsa yanzu.

"Kai da ka yi boko kai ne mai son ƙasa, mu da ba mu yi ba muna gudunta. To, Allah shi taimaka. Yi abin da ka gani."

Neman magini ya ci mini wata biyu. Duk wanda aka nuna mini a Gwandu sai in tarar da bulo yake aiki. Ɗaya ya biyo ni ya duba gidan, ya ce zai iya jan katanga, amma ba ya taɓa zauren, kada ya faɗo a ce shi ne. Ladanin masallacin unguwar ne ya ce in je Masama, akwai wani dattijo da ya yi cuɗar ƙasa a gidan nan yana saurayi, lokacin da kakana ya sa aka yi wa zauren gyara na ƙarshe.

Na same shi a gonarsa, ɗan gajeren mutum siriri, yatsunsa duk sun karkace. Ya zo Gwandu bayan kwana tara, ba ranar da muka yi da shi ba. Ya kewaye gidan yana ƙwanƙwasa bango da sanda yana kasa kunne. Ya ɓalli ƙasa ya murje a tafin hannu ya shinshina.

"Rani uku," in ji shi.

"Baba, ni rani ɗaya na shirya."

"To nemi wani, Malam."

Na lallashe shi, ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla. A haƙo ƙasa a jiƙa, a tattake ta da ciyawa da kashin jaki, a bar ta ta kwana biyu, a sake juyawa. A mulmula tubali ɗaya-ɗaya da hannu, a shanya har su bushe ƙamas. A jera sahu uku ko huɗu, a dakata ya sha iska kafin a ɗora wani. Ya ce kuma ƙasar tsohon bangon da ya faɗi ta fi sabuwa kamawa. Ya nuna tudun da ke kusurwar gabas ya tambaya ko a ɗiba daga nan. Na ce a ɗiba, ai juji ne kawai. Na nuna masa ɗakin yamma na ce wannan ne ɗakin kakata, shi nake so a fara tayarwa bayan katanga.

Katangar ma ba ta tashi cikin daɗi ba. Asabar ta farko na zo na tarar da sahu uku, ta biyu na tarar an ture su. Aka ce awaki ne. Awakin dai sun bar sawun takalmi. Mutanen lungun baya sun saba yankewa ta gidanmu zuwa masallaci da kasuwa. Muka sake jerawa muka sa ƙaya. Sannan magini ya gano abin da ya kayar da katangar tun farko: indararon maƙwabcinmu na arewa a kanta yake zuba. Na je na gaida mutumin, na yi masa magana a hankali. Ya ce indararon nan tun kakana na da rai yake wurin, Malam kuwa bai taɓa cewa komai ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai a da akwai 'yar kwata tsakanin gidajen biyu, shi ya cike ta ya ɗaure tumaki a wurin. Maganar ta kai gaban mai unguwa. Ran da na zo, shi maƙwabcin ya tafi cin kasuwar ƙauye. Ran da yake gari, ni ina Kalgo. A ƙarshe aka ce in ja katangata ciki kamu biyu a fitar da sabuwar kwata, a zauna lafiya. Na ja. Wata guda na rani ya tafi a haka, leburori suna zaune gindin kurna.

Daga nan sai azara. Tsofaffin azaran da ke rufin shigifa an zare su tuntuni, ban san ko wane ne ba, ko da yake na ga masu kama da su a rumfar wani cikin lungun. A fadamar bayan Kalgo na sami mai giginya ya yarda ya sayar mini. Aka sare, aka tsaga, mota ta kai su bakin lungu, aka ƙarasa da su a ka. Na zo ina jin na yi abin kirki. Magini ya bi su ɗaya-ɗaya yana soka farce, yana ware wasu gefe. Waɗanda ya ware sun fi rabi.

"Waɗanga mata na, Malam. Cikinsu taushi. Gara na cinye su kahin shekara biyu. Namijin giginya aka yin azara da shi."

"Ba ka gaya mini ba, Baba."

"Malamin gona, ashe sai an hwaɗa mai?"

Leburori suka sunkuyar da kai suna dariya.

Laifin da ya fi girma a ranin nan nawa ne. Na ɗauki hutun shekara don in tsaya a kan aikin, hutun ya kusa ƙarewa, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, shigifa kuwa bango ya kai amma ba rufi. Na ce a rufa. Magini ya ce bangon bai gama bushewa ta ciki ba, a lulluɓe kansa da zana a bari sai baɗi. Na ce ba zan bar shi buɗe ruwa ya ci ba. Ya maimaita, na maimaita, har na ɗaga murya a gaban leburori na ce gidan kakana ne. Ya miƙe ya ce a miƙo azara. Cikin kwana biyar aka jera, aka shimfiɗa zana, aka ɗora ƙasa aka daɓe. Ya yi kyau ƙwarai. Na koma Kalgo ina ganin na yi daidai. A ruwa na uku aka aiko mini. Bangon kudu ya zauna, azara sun zame, rufin ya rufta da duk ƙasar da ke kansa. Allah ya sa ba kowa a ciki. Da na je Masama in gaya masa, ya riga ya ji. Ya ba ni ruwa na sha, ya tambayi iyali, ya tambayi yadda gero ya yi a wajenmu. Bai ce uffan kan shigifa ba har na tashi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Rani na biyu muka maimaita aikin na farko. Na uku ya zo daidai da lokacin da aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, gine-gine suka ɓarke ko'ina. Leburorinmu suka bi motocin bulo ɗaya bayan ɗaya. Can aiki ba ya yankewa, kuma ba a tattaka laka da ƙafa. Magini ya rage daga shi sai wani surukinsa mai ciwon baya. Matata ta daina tambayar inda za ni ranar Asabar. Wata Lahadi na dawo na tarar ƙaramar 'yarmu ta yi zazzaɓi mai zafi, an kai ta asibiti an dawo ba na nan. Matata ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi jakata ta ce, "Ya mutanen gidan ƙasa?" Ta kuwa san ba kowa a gidan.

Duk da haka a ranin nan ne na ɗan ji daɗin aikin. Ɗakin yamma ya tashi, shigifa ta rufu, aka kori jemagu da hayaƙi, aka kwashe kashinsu buhu-buhu na kai wa masu lambun albasa. Matan Masama suka daka mana makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake jiƙawa a cuɗa da ƙasar yaɓe don ruwa ya riƙa zamewa. Magini ya hau tsani ya fara bin zanen fuskar zaure. Ba hoto, ba takarda. Yakan shafa inda tsohon zanen ya saura da yatsu, ya bi shi har inda ya ɓace, sannan ya ci gaba da shi da sabuwar ƙasa. A yini bai fi ya yi kamu ɗaya ba. Mutanen da suka ture mana katanga su ne yanzu suke tsayawa kallo. Ya kai rabi damina ta matso, ya lulluɓe wurin da zana, ya ce sai kaka ta wuce, ya tafi gonarsa.

A kakar nan aka tura ni kwas Zariya na mako shida. Ina dawowa na tarar da saƙon Baffa, wai in zo Gwandu ranar Asabar, yana jirana.

Tun daga bakin lungu na hango shuɗi. Na kashe babur na ƙarasa ina turawa. Fuskar zauren gaba ɗaya an yi mata yaɓen siminti sumul, an shafa shuɗin fenti, an ja farin layi a ƙasa. Ciki ma haka, har bakunan. Zanen babu shi. Daga baya na ji cewa masu aikin sun sassare shi da gizago don simintin ya sami wurin kamawa. Baffa yana zaune a kan sabon dakali cikin babbar riga, fuskarsa cike da fara'a.

"Malam ƙarami, ya ka gani? Mutane na ta magana a Jega, wai na bar ɗa shi kaɗai yana wahala da gidan ubana. Nic ce wallahi sai na sa hannu. Kwana huɗu sunka gama. Tsohon naka shekara uku yana shafar ƙasa."

Ƙanen mahaifina ne, ya baro kasuwarsa ya zo ya tsaya cikin rana kwana huɗu don ya faranta mini. Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa."

"Amin. Ban hwaɗa ma ba don in ba ka mamaki."

Ya kama hannuna ya zaga da ni, yana buga bangon da tafin hannu don in ji ƙarfinsa. Ina biye ina cewa madalla. A hanyar komawa na tsaya gindin wata tsamiya na zauna fiye da awa guda, na kasa tuƙi. Ga haushi ya cika ni, ga ba wanda zan sauke wa.

Magini ya zo bayan ya gama yankan dawa. Ina nan ranar. Ya tsaya tsakiyar lungu ya dubi zauren, bai ƙarasa ƙofar ba. Ya ce wa surukinsa ya shiga ya ɗauko musu kayan aikinsu.

"Baba, wallahi ba na nan aka yi."

"Na sani. Amma saurara. Ƙasa na shan ruwa da damina, ta hitar da shi da rani. Yanzu an toshe ta. Ruwa zai shiga ta sama da ta ƙasa, ba wurin hita. Damina biyu, wanga abu zai kumbura shi hwaɗo, kuma ba shi kaɗai zai hwaɗo ba."

Na ce to a ɓamɓare shi yanzu. Ya ce in na ɓamɓare, me zan ce wa Baffana? Surukin ya fito da kayan. Suka tafi.

Damina biyu ya ce, ɗaya da rabi aka yi. Da farko in ka ƙwanƙwasa simintin sai ka ji kamar ƙwarya. Sai tsaga ta biyo. Wata Talata da hantsi falle guda ya ɓallo daga saman ƙofa har ƙasa, ya tafi da naman bangon kusan taƙi guda, ya karya ƙafar tunkiyar maƙwabcinmu na arewa. Muka sake komawa gaban mai unguwa. Baffa ya zo ya gani, ya ce masu aikin ne suka ha'ince shi suka cika yashi. Har ya rasu bai yarda simintin ne ba, ni kuma ban taɓa gaya masa ba. Amma bai sake kawo kowa ba.

Sau uku ina zuwa Masama biko. Na farko aka ce ya tafi suna. Na biyu ya ce yanar ido ta fara rufe masa gani, ba ya hawa sama. Na uku na tafi da ladanin da ya haɗa mu, suka yi doguwar hira kan mutanen da, aka ambaci kakana, sannan ya ce zai zo don kada zauren ya faɗi. Ya zo ɗin. Aka ɓamɓare sauran simintin a hankali, aka bar bangon ya sha iska wata guda, aka cike ramukan, aka yi yaɓen makuba. Bakuna uku sun tsira, ɗaya ya tsage, dole aka kafa masa ginshiƙi a tsakiyar zaure, duk mai shigowa sai ya kauce masa. Na tambaye shi zanen fa. Ya ce da sawun na da yake bi, yanzu ba abin bi, shi kuwa ba zai ƙirƙiro nasa ya ce na Malam ne ba. Fuskar zaure ta tashi jawur, ba komai a jikinta.

A shekara ta shida na ɗauko Goggo daga Kambaza. Duk tsawon aikin ba ta zo ba, ƙafa ta hana ta, ni ma na fi so ta ga abu gamamme. Mota ta ajiye mu bakin lungu, ta dogara sanda, 'yarta tana riƙe da ita. A ƙofa ta ɗaga kai ta dubi fuskar zauren, ta dube ni. Ta shiga ta shafa alkukin da Malam yake ajiye fitila, ta yi addu'a. Muka ratsa shigifa muka fita tsakar gida. Na kai ta ɗakin yamma, wanda na sa aka daɓe aka shimfiɗa sabuwar tabarma, na ce, "Goggo, ga ɗakin Inna."

Ta leƙa, ta juyo.

"Wanga? Mai suna, wanga ɗakin ajiya na. Nan aka aje dawa da tukwane da daddawa."

"Ai nan nake ganin tana shiga kullum."

"To, ina za ta ɗebo abin dahuwa?"

Ta juya tana neman wani abu da ido, har ta tsaya a kusurwar gabas, inda tudun nan yake a da. Yanzu rami ne mai faɗi, ruwan sama ya kwanta a ciki ya bushe. Ta nuna da sanda.

"Can ɗakin Inna yake. Can anka haihe ni, can anka haihi ubanka da Baffanka. Ina ya tahi?"

Na ce mata ƙasarsa muka ɗiba muka yi tubali. Ta daɗe tana kallon ramin. 'Yarta ta samo mata kujera 'yar tsugunno ta zauna a bakinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga nuna mana yadda ɗakin yake, gadon ƙasa ta nan, jeren ƙwarya ta can, ƙofa tana kallon kurna. Ina tsaye ina ji, kunya ta rufe ni. Sau nawa na tsaya Kambaza na gaishe ta cikin shekarun nan, na ba ta labarin azara da na indararo, amma ban taɓa tambayarta wane ɗaki ne na wa ba. Da na gaya wa magini, ya ce shi a zamanin Malam iyakarsa zaure, bai taɓa shiga cikin gida ba, abin da na nuna masa ya bi.

Na yi wa Goggo alkawarin zan tayar da ɗakin baɗi. Ta ce in bari haka nan, na wahala. Ban kuwa tayar ba. Idon magini ya rufe, bai sake yin aiki ba, Goggo kuma ta rasu bayan babbar sallar shekarar da ta biyo. Na sa aka cike ramin da ƙasar kududdufi.

Sai wata matsala da ban taɓa tunaninta ba cikin shekara shida, wato wanda zai zauna a gidan. Na yi wa matata maganar mu koma, ni in riƙa zuwa Kalgo a babur. Ta ce ba famfo ba lantarki a lungun, makarantar yara tana Kalgo, kuma ita ta bar wa gidan nan Asabar da Lahadinta shekara shida, ya isa. Ban ga laifinta ba. 'Ya'yan Baffa suna Jega da Sakkwato, kowa da gidansa na bulo. Gidan ya yi damina ɗaya a kulle. Da na buɗe da kaka, ciyawa ta tsiro a kan soro, indararo ɗaya ya toshe ruwa ya jiƙa kusurwa, gara ta ja layi a bangon shigifa. Gidan ƙasa sai da mai share shi kullum, mai hura wuta, mai hawa sama ya toshe tsaga kafin ruwan fari. Ni kuwa sau ɗaya nake zuwa a mako.

A ƙarshe jikan Goggo, wani tela mai mata da 'ya'ya uku, ya ce zai zauna. Na ba shi mabuɗi da sharaɗi ɗaya, kada siminti ya shiga gidan. Ya rantse, ya kuwa cika alkawari. Kwano ya sa. Shekara biyu da shigarsu na zo na tarar an kwashe ƙasar rufin ɗakin yamma, an zare azara an jingine a bango, an buga kwano yana ƙyalli. Na yi faɗa ranar. Duk abin da na haɗiye a shekarun nan a kansa na sauke. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "Kawu, ɗakin na yoyo kan yara. Na nemi mai yaɓen soro har Masama, an ce ba sauran mai yi. Na hau da kaina na yi, ruwan hwarko ya wanke. Mi za ni yi?"

Ni ma na nema ban samu ba.

Bayan nan na rage zuwa. In na je mukan zauna a zaure, shi yana taka keken ɗinki, ni ina kan tabarma, masu kawo ɗinki su zauna su ƙi tashi. Zuwana na ƙarshe kafin a yi mini canjin wurin aiki, matarsa ta dama mini fura, ta kawo ta durƙusa daga bakin shigifa ta ce tana da roƙo. Ɗakin da duhu, tana so a huda taga. Na ce ta bari in yi shawara, bangon ƙasa ba a huda shi haka kawai. Ta ce, "To, Kawu." Da na tashi zan fita na ga sabuwar tagar ƙarfe jingine a bayan ƙofa, an lulluɓe ta da buhu. Na yi kamar ban gani ba, na yi musu sallama na fita.